Sun Ce In Jira Mutuwar Baba

Kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutun, ku bari in kai ƙarshe. Na san za a samu masu cewa, "Wace irin 'ya ce wannan?" To, irin 'yar da ta shekara biyu da wata bakwai tana wanke mahaifinta da hannunta ce. Wanda ya taɓa yin ko sati guda, shi kaɗai na yarda ya yi mini faɗa.

Ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke kirana, ko da yake shekarata ashirin da takwas. Mama ta rasu tun ina sakandare. Mu uku ta bari: Yaya, babbanmu, mai mata da yara huɗu a can ɗaya gefen gari, Anti, mai bi masa, ita ma da gidanta, sai ni da Baba a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, taga tana kallon titi.

Baba direban bas ne na dogon zango, shekara talatin yana bisa hanya. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, idan ya yi dariya a falo har maƙwabtan ƙasa suna ji. Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi ya kife. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ta tafi. Hankalinsa kuwa garau, yana jin komai, sai dai ya bi ka da ido. A lokacin ina koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar firamare. Aka ce in ɗauki hutun wata ɗaya kafin a san abin yi. Har yau ba a san abin yin ba.

Bari in ba ku ranata a taƙaice. In ɗumama ruwa, in sa safar hannu, in cire kunzugun da ya kwana da shi, in goge shi tun daga wuya har tsakanin yatsun ƙafa. In shafa masa mai a baya da ƙugu. Duk awa biyu in juya shi don kada gyambo ya fito, in cusa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Shayi da cokali, kaɗan kaɗan, saboda yana ƙwarewa. In gwada hawan jini, in rubuta a takardar da ke manne a jikin firji. Ɗaga shi zuwa keke kuwa, sai na sa kafaɗata a hammatarsa na ƙirga uku. Bayana ya riga ya zama na tsohuwa. Akwai ranakun da tun safe har yamma ba wanda ya ce mini uffan sai mai karanta labarai a talabijin, har na kama kaina ina amsa masa sallama.

A haka Mai Magani ya shigo rayuwata. Haka na ajiye lambarsa a waya, kuma haka zan kira shi a nan. Shi ke tsaye a kantin maganin da ke ƙarshen layinmu: dogo, siriri, da tabarau mai baƙin kewaye da farar riga da biro biyu a aljihu. Mace ta je sayen kunzugun manya sau biyu a sati, ai babu sauran kunya tsakaninta da mai kanti. Ranar farko da ya yi mini magana ba ta ciniki ba, cewa ya yi, "Shi na san abin da yake sha. Ke fa, me kika ci yau?" Na tsaya da leda a hannu kamar wawiya. Wallahi sai da na yi tunani, ban tuna ba.

Daga nan saƙonni suka fara. "Kin juya shi?" "Na juya." "Ke wa ya juya ki?" Ni kuwa in yi ta murmushi a bakin tukunya kamar 'yar shekara goma sha shida. Wata takwas muna haka. Ranar Alhamis ɗin nan ya turo: "Na je na ga Yayanki. Mun yi magana mai kyau. Ranar Asabar zai zo ya yi miki bayani."

Ku taya ni dariyar kaina. Ranar Asabar na yi wa Baba aski, na sa masa farar rigarsa mai aljihu. Na goge falo har ƙarƙashin kujeru. Sannan na ciro doguwar rigata shuɗiya mai ƙananan furanni a hannu, wadda na ɗinka tun ina koyarwa ban taɓa sawa ba. Ta yi mini yawa a ƙugu, na kama ta da fil. Har jan baki na shafa. Baba ya dube ni daga kekensa a bakin taga, ya ɗaga girarsa ta hagu.

"Ba ruwanka," na ce masa. Gefen bakinsa mai rai ya motsa.

Ƙarfe goma sha ɗaya suka iso, Yaya da ledar lemo da ayaba, Anti da turarenta da ya riga ta shigowa. Suka leƙa ɗakin Baba daga bakin ƙofa. "Baba, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Da ƙarfi, kamar kurma suke wa magana. Minti biyu ba su cika ba suka dawo falo, Anti ta janyo ƙofar ɗakin.

Yaya ya ajiye makullin mota a kan tebur, ya gyara murya.

"Yaron nan ya zo wurina. Mai hankali ne, na gamsu da shi."

"Alhamdu lillahi," na ce, ina kallon yatsuna.

"Sai dai mun duba halin da ake ciki. Baba ya saba da hannunki. Ba ya sakewa da kowa. Saboda haka muka ga a ɗan dakata tukuna."

"Har yaushe?"

Ya dubi Anti. Anti ta gyara mayafi.

"Har Allah ya yi ikonsa mana, Auta."

"Wane daga ciki? Ikon nasa da yawa."

"Ke, ba na son rashin kunya."

"Ba rashin kunya ba ne, Anti, tambaya ce. Har ya warke kuke nufi, ko har wancan?"

Firji kaɗai ke ƙugi.

A nan zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ku san dalilin da maganar ta shige ni har ƙashi. Akwai safiyoyin da nake zuwa ƙofar Baba da bokiti a hannu, in tsaya, in ƙi shiga. In kasa kunne. Idan na ji numfashinsa, sai wani abu ya sauka a ƙirjina, kuma na rantse muku ban san ko hamdala ba ce ko akasinta. Sau ɗaya, sau ɗaya tak, ban ji komai ba, kafin in tura ƙofar zuciyata ta ce, "Shi ke nan, kin huta." Na shiga na tarar da shi ido biyu yana kallon silin. Ranar a banɗaki na yi amai. Na yi wata guda ina rama masa da abin da bai san na yi ba, ina ƙara masa zuma a shayi, ina matsa masa ƙafa har hannuna ya sage. Wannan muryar nake yaƙi da ita kullum, ni kaɗai. Yanzu 'yan'uwana sun zo sun ba ta kujera a falo. Sun ɗaura aurena a wuyan numfashin ubana, ta yadda duk safiyar da ya farka, an ƙara mini kwana ɗaya na jira.

Na miƙe.

"Ina za ki? Ba mu gama ba," in ji Yaya.

"Zan ɗauko mai maganar."

Na buɗe ƙofar da Anti ta rufe, na saki birkin keken, na turo Baba har tsakiyar falo, na tsayar da shi a gaban tebur, kusa da ledar lemo.

"Ga shi. Ku maimaita."

"Auta, kin haukace ne?" Anti ta ce ƙasa ƙasa.

"Yana ji. Kunnensa bai shanye ba. Yaya, bismillah."

Yaya ya ɗauki makullinsa ya sake ajiyewa.

To ni na faɗa. Na durƙusa a gaban keken, na riƙe hannunsa na hagu. "Baba, akwai mai so na. Mai kantin magani ne, na ƙarshen layi. Yaya ya ce ya yarda, amma sai bayan ranka. Ni kuma ban yarda in zauna ina jiran ranka ba."

Zan so in ce muku ya yi hawaye, ko ya shafa kaina. Bai yi ba. Ya zare hannunsa daga nawa, ya damƙi hannun keken har jijiyoyinsa suka fito. Ya dubi Yaya. Ya dubi Anti. Ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya juya fuskarsa wajen bango. Ban san da wa yake fushi ba. Wataƙila da mu duka.

"Kin ga abin da kika jawo?" in ji Anti, tana share ido da gefen mayafi. "Ke ba ki san irin ladan da kike samu ba. Mu nan duk sha'awarki muke yi."

"Na ƙoshi, Anti. Ku zo ku ɗiba, ba na rowa."

Na shiga ɗaki na ɗauko kwalin safar hannu, na ɗora wa Yaya a cinya.

"Mene ne wannan?"

"Babbar ce, za ta shige ka. Ƙarfe biyu ake juya shi, sannan ƙarfe huɗu. Magunguna na rubuce a jikin firji, farar ƙwayar sai an daka ta. Kada a ba shi ruwa yana kwance. In za ka canza masa kunzugu, ka rufe masa ƙirji da tawul, kuma ka riƙa yi masa hira, ba ya son a yi shiru a lokacin. Labarin mota yake so."

"Ni? Ni zan..."

"Ubanka ne, Yaya. Kai namiji ne ma, zai fi sakewa."

"Akwai aiki a gabana ranar Litinin."

"Ni ma akwai aiki a gabana wata Litinin, shekara biyu da suka wuce. Jibi da safe zan dawo, mu zauna mu raba kwanakin sati uku."

Na cusa kaya kala biyu da caja a jakar da nake zuwa makaranta da ita. Har da guntun alli na tarar a ƙasanta. Ina saka takalmi Yaya ya miƙe tsaye.

"Auta, in kika fita ƙofar nan..."

"Sai me? Ka kore ni? To wa zai juya shi ƙarfe huɗu?"

Na je na tsuguna ta gefen da Baba ya juya. "Baba, zan fita. Jibi." Bai dube ni ba. Na fita a haka, na sauka matakala ban waiwaya ba.

Kantin babu kowa sai wata tsohuwa tana karɓar maganin tari. Mai Magani ya hango shuɗiyar rigata, fuskarsa ta washe, sai kuma ya ga jakar.

Na jira tsohuwar ta fita.

"Ka yarda da abin da Yaya ya ce?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Na yarda don kada in rasa ki. In na yi musu da shi tun ranar farko, ai ya rufe ƙofa."

"Shekara nawa ka shirya jira?"

"Auta..." Ya rage murya, ya jingino da kanta. "Ni nake ba ki magungunan nan. Ina ganin yadda likita yake ta ƙara su. Ba na jin abin zai ja lokaci."

Da ya mare ni, da ya fi mini sauƙi.

"Ashe duk san da kake miƙo mini leda, lissafi kake yi."

"Ba haka nake nufi ba, wallahi. Kin gaji. Ina gani a idonki, ina gani a tafiyarki. Ki ce mini ƙarya nake."

"Ba ƙarya kake ba. Na gaji har ban san sunan abin ba. Amma ban ce ka taya ni jira ba. Masu taya ni jira sun yi yawa."

"To me kike so in yi? Faɗa mini."

"Wata takwas kana tambayata ko na juya shi. Ka san nauyinsa?"

Ya mayar da tabarau a fuska.

"Ka san kamanninsa ma? Ka san yana son a sa masa agogo ko da ba inda za shi? Ba ka taɓa hawowa sama ba."

"Ba ki taɓa cewa in zo ba."

Gaskiyarsa ce, kuma ta yi mini zafi. Ni na riƙa ɓoye masa gidan. Ina tsoron ya ji warin da ni hancina ya daina ji, ya ga bokitin, ya ga katifa mai roba, ya daina turo saƙo. Na fi son ya san ni a bakin kanta, da mayafi a gyare.

"To yau na ce," na faɗa. "Hawa na biyu, ƙofar hagu. Yayana yana can da safar hannu, bai san ta inda ake kama mutum ba. Ƙarfe huɗu zai nemi mai riƙe masa ƙafafu. In kana so na, can nake, ko ba na nan. In kuma gawa kake jira, ka goge lambata, kantin magani ba naka kaɗai ba ne a garin nan."

"Ke ina za ki?"

"Ban sani ba tukuna."

Kuma da gaske ban sani ba. Na yi ta tafiya har tashar bas ta babban titi, na zauna a kan bencin ƙarfe a ƙarƙashin rumfa. Ga ni da 'yanci, ga jaka, ga jan baki, babu wurin zuwa. Ƙarfe biyu na yi, jikina ya zabura da kansa, har na miƙe tsaye kafin in tuna. Na koma na zauna. Hannuwana na kan cinya, babu abin da suke yi, sai na ga kamar na wata ne. Idan ba mai wanke Baba ba ce ni, to wace ce? Shekara biyu da wata bakwai ban samu minti biyar na yi wa kaina tambayar ba, da ta zo kuwa sai ta same ni a bainar jama'a, kusa da mai sayar da jarida.

Na buɗe waya ina bin sunaye. Ƙawayen makaranta, saƙonsu na ƙarshe duk iri ɗaya: "Ya mai jiki?" Ni kuma: "Da sauƙi." Daga nan shiru, wata da watanni. Ban ga laifinsu ba, ni ce na daina amsa gayyata har aka daina yi. Na tsaya a kan lambar malamar aji uku, wadda muke raba tebur da ita a ɗakin malamai, mai bakin tsiya da dariyar da ba ta da birki. Sau huɗu na rubuta ina gogewa. A ƙarshe na tura: "Kina da wurin da mutum zai kwana biyu?"

Minti ɗaya bai cika ba.

"Wai ke ce?? Na zata kin shiga ƙasa. Taho mana, wawiya, katifa na nan. Hau bas mai lamba tara ki sauka a gada."

Sai a lokacin na yi kuka. Mai jarida ya miƙo mini tsohuwar takarda in share hanci, bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa.

Saƙonnin Anti suna ta shigowa, ban buɗe ba, amma ina ganin kawunansu. "Ki ji tsoron Allah." "Ina man shafawar yake?" "Ya ƙi buɗe baki." "Auta don Allah." Mai lamba tara ta wuce sau biyu ina kallonta. Kada ku ɗauka ban ji ba. Amma na san in na koma yau, to na koma ke nan har abada, kuma wannan muryar ta bakin ƙofa za ta ci ni.

Saura kwata ƙarfe huɗu waya ta yi ƙara. Na duba don in kashe, sai na ga sunan da bai fito a fuskar wayata ba tun kafin ya faɗi.

Baba.

Wayarsa tana kan ƙaramin tebur ta gefen hagunsa, ina kunna masa rediyo da ita. Ban taɓa ganin ya danna komai ba.

Na ɗauka. "Baba?"

Numfashi. Na san shi cikin dubu, mai ɗan kakari a ƙarshe. Can nesa ina jin Yaya yana tambayar Anti inda tawul yake.

"Baba, ni ce. Ban gudu ba. Jibi zan dawo in yi maka aski da kaina. Amma ba zan dawo in zauna ina sauraren ƙofarka ba. Ina so ka daɗe. Ina so in so ka daɗe, Baba, ka gane? Shi ya sa na fita."

Numfashin ya yi nauyi.

"In ka yi fushi da ni, ka danna jan maɓallin ka kashe. Zan gane."

Mai lamba tara ta tsaya a gabana, ƙofarta ta buɗe. Na dubi fuskar wayar. Daƙiƙoƙi suna tafiya, arba'in da ɗaya, arba'in da biyu. Bai danna ba.

"Malama, za ki shiga ko kuwa?" in ji direban.

Na shiga da wayar manne a kunne, na samu kujera a bakin taga. "Baba, a bas nake. Direban yaro ne, bai iya sa giya ba, da ka ji yadda take kuka." Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, gajere, mai kama da tari. Ba tari ba ne.

Sai kuma, ta bayan numfashinsa, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu. Sau uku, a hankali, irin na wanda bai taɓa zuwa ba.

"Wane ne?" in ji muryar Anti.

Na toshe ɗaya kunnen da yatsa, na daina numfashi. Direba ya danna ham.